Yadda Ake Yi Wa Hasashen Kakar Ƙwallo Hisabi Bayan An Tashi Wasan Ƙarshe

Ranar Lahadi 25 ga Mayu, 2025, da ƙarfe huɗu na yamma aka take wasanni goma na ƙarshen gasar Firimiya ta Ingila a lokaci guda. A gidan kallon da muke zuwa a Agege, benci ya cika tun kafin la'asar, wasu na tsaye a bakin ƙofa, janareta na ruri a baya. Liverpool ta riga ta ɗauki kofi tun 27 ga Afrilu, ranar da ta lallasa Tottenham da ci 5 da 1 a Anfield, saboda haka ido ya koma kan waɗanda za su samu gurbin Gasar Zakarun Turai. Da aka tashi, kafin a kashe talabijin, maganar da ta cika ɗakin ɗaya ce: "Ai dama na faɗa!" Mai sayar da albasa a Mile 12 ya faɗa, mai canjin kuɗi ya faɗa, yaron da ke tura baro ma ya faɗa. Sai dattijon da ke da gidan kallon, wanda dukanmu muke kira Baba, ya sa hannu ƙarƙashin teburin talabijin ya zaro littafin makaranta mai bangon shuɗi, naɗe cikin leda saboda damina. Ya ce, "To, ku zauna. Kowa ya faɗa, bari mu ga abin da kowa ya rubuta."

Wannan littafin shi ya sa na zauna rubuta wannan jagora. Hasashen ƙwallo abu ne da kowa ke yi, amma kaɗan ne ke komawa su auna shi da abin da ya faru. Ni kuwa a ganina daɗin abin yana wurin komawar, domin a nan ne mutum ke gane ko ƙwallo ya sani ko ƙungiyarsa kawai yake so.

Aikin yana farawa tun watan Agusta

Hisabin watan Mayu ba ya yiwuwa in ba a rubuta komai a Agusta ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana gyara wa mai ita magana ba tare da ya sani ba. Wanda ya ce "Liverpool za ta iya yin abin kirki" a farkon kaka, bayan wata tara zai rantse cewa ya ce ita za ta ɗauki kofi, kuma ba ƙarya yake nufin yi ba, haka ya tuna. Don haka mataki na farko: a rubuta, da kwanan wata, a wurin da mai hasashen ba zai iya taɓawa ba. Littafi a hannun wanda kowa ya yarda da shi ya isa. In a WhatsApp kuke yi, kowa ya rubuta nasa a takarda, ya ɗauki hoto ya tura wa jama'a, domin saƙon rubutu ana iya gyara shi ko a goge, waya kuma tana ɓata a danfo.

Ku tsayar da rana ɗaya ta rufe karɓa. Akwai zaɓi biyu, kowanne da hujjarsa. Ko dai daren jajiberin wasan farko, ko kuma washegarin rufe kasuwar saye da sayar da 'yan wasa. A kakar 2024/25 an fara wasa 16 ga Agusta, kasuwa kuma ba ta rufe ba sai 30 ga wata, wato wanda ya jira ya ga wasannin farko kuma ya san wanda ya tafi da wanda ya zo. Ni na fi son jajiberin wasan farko, domin iya hango wanda ƙungiya za ta saya ko ta rasa yana cikin sanin ƙwallo. Amma duk wanda kuka zaɓa, ya zama ɗaya ga kowa.

Abin da za a rubuta kuwa: teburin gaba ɗaya, daga ta ɗaya har ta ashirin. Kada ka tsaya kan zakara da huɗun farko. Kowa na iya jera manyan ƙungiyoyi shida, amma sanya Brentford da Fulham da Crystal Palace a mazauninsu shi ke nuna wanda ke kallon wasan da ba na ƙungiyarsa ba. Bayan teburi, ƙara wanda zai fi cin ƙwallaye, da kocin da za a fara kora, da ƙungiya ɗaya da kake ganin za ta ba mutane mamaki.

Sai abu biyu da yawancin mutane ke tsallakewa, alhali su ne zuciyar aikin. Na farko, dalili. A gaban kowane babban hasashe ka sa layi ɗaya na hujja: "Manchester City za ta sake ɗauka saboda koci da 'yan wasan da suka ci sau huɗu a jere suna nan." Na biyu, ƙarfin zuciyarka a kai. Mu kalma uku muke amfani da su: "tabbas", "kyautata zato", da "canki-canka". Za ka ga amfaninsu a gaba.

Kuma maganar ta zama wadda za a iya yanke mata hukunci. Wani a cikinmu ya rubuta cewa "Tottenham za ta yi kaka mai kyau." Tottenham ta ƙare ta 17 da maki 38, mataki ɗaya a saman waɗanda suka faɗi, amma ta doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi a Bilbao ranar 21 ga Mayu ta ɗauki kofin Europa, ta samu gurbin Zakarun Turai. To ya ci ko ya faɗi? Mun yi rabin awa muna musu, mai shayi ya sake ɗora ruwa, ba mu rabu ba. Daga ranar Baba ya hana rubuta "mai kyau" ko "za ta yi ƙoƙari". Sai lamba: ta nawa za ta zo, ko wane kofi za ta ɗauka.

Ranar hisabi: lissafin tazara

Idan kaka ta ƙare, ka samo teburin ƙarshe cikakke, da maki da bambancin ƙwallaye. Ka ja layi uku a takarda: matsayin da ka ba ƙungiya, matsayin da ta samu, da tazarar da ke tsakani. Ba ruwanka da ko sama ta yi ko ƙasa. In ka sa Chelsea ta shida ta zo ta huɗu, tazara 2. In ka sa Manchester United ta huɗu ta zo ta 15, tazara 11. Ka tara duka ashirin ɗin. Mai ƙaramin jimla shi ya fi kusa da gaskiya. Wanda ya dace da komai zai samu sifili, wanda kuma ya kifar da teburin gaba ɗaya zai samu 200, ba a wuce nan.

Ga wata 'yar dabara da za ta kama maka kuskuren lissafi: jimlar dole ta rabu biyu daidai. Dalili shi ne duk matakin da wata ƙungiya ta hau sama da inda ka sa ta, wata ce ta sauka. In ka tara ka samu 71 ko 65, ka koma, akwai layin da ka yi kuskure ko ƙungiyar da ka rubuta sau biyu.

To amma jimla ita kaɗai ba ta gaya maka komai. 70 ƙoƙari ne ko kasawa? Sai ka samu abin da za ka auna da shi, kuma ma'auni mafi adalci shi ne wanda muke kira "teburin bara". Ka ɗauka akwai mutumin da bai taɓa kallon ƙwallo ba, aka ce ya yi hasashe, sai ya kwafi teburin kakar da ta wuce kawai, ya sa sababbin hawa uku a ƙasa bisa yadda suka hau. Nawa zai samu? Bari mu yi shi da kakar 2024/25, domin ka ga yadda ake yi.

A 2023/24 Manchester City ce ta ɗaya, ta dawo ta uku, tazara 2. Arsenal ta biyu, ta sake zuwa ta biyu, sifili. Liverpool daga uku zuwa ɗaya, 2. Aston Villa daga huɗu zuwa shida, 2. Tottenham daga biyar zuwa 17, tazara 12. Chelsea daga shida zuwa huɗu, 2. Newcastle daga bakwai zuwa biyar, 2. Manchester United daga takwas zuwa 15, tazara 7. West Ham daga tara zuwa 14, tazara 5. Crystal Palace daga goma zuwa 12, tazara 2. Brighton daga 11 zuwa takwas, Bournemouth daga 12 zuwa tara, uku-uku. Fulham daga 13 zuwa 11, Wolves daga 14 zuwa 16, Everton daga 15 zuwa 13, bibbiyu. Brentford daga 16 zuwa goma, 6. Nottingham Forest daga 17 zuwa bakwai, tazara 10. Leicester da Ipswich da Southampton kuwa, yadda suka hau a jere haka suka sauka a jere, ta 18, ta 19, ta 20, sifili duka.

Jimla 64. In ka raba da ashirin, kowace ƙungiya ta kauce da mataki uku da 'yan kai. Wannan shi ne makin wanda bai yi tunani ko kaɗan ba. In naka ya haura 64, ma'anarsa duk nazarin da ka yi, da hirar rediyo da ka saurara, da musun da ka sha a majalisa, sun nisanta ka ne daga gaskiya. Abin da zafi, na sani, domin nawa ya haura a waccan shekarar, kuma na kwana ina juya shi a rai. Amma wannan ma'aunin ne ya fara koya mini cewa ƙungiyoyi ba sa canjawa da saurin da labaran kasuwar 'yan wasa ke sa mu zata.

Ka ƙara duban lissafin nan da kyau. Ƙungiyoyi huɗu kacal, Tottenham da Forest da United da Brentford, su suka kawo 35 daga cikin 64. Sauran goma sha shida kusan suna inda suke. Wato a kowace kaka aikin mai hasashe na gaske shi ne gano ƙungiyoyi uku ko huɗun da za su yi tsalle ko su ruguzo, ya bar sauran kusa da mazauninsu. Wanda ya hango Forest, ko da ta goma ya sa ta, ya yi abin da ya fi na wanda ya dace da Arsenal a ta biyu.

Kada matsayi ya rufe maka ido daga maki

Kafin ka yanke wa kanka hukunci, dubi makin. Newcastle ta biyar da Aston Villa ta shida duk maki 66 suka samu, bambancin ƙwallaye ne ya raba su, kuma a shekarar Ingila gurbi biyar ta samu a Zakarun Turai ta hanyar teburi, saboda haka ɗaya ta shiga ɗaya ta rasa. Forest na biye da 65. A ranar ƙarshen nan dukansu uku sun sha kashi: Everton ta doke Newcastle har gida, United ta doke Villa, Chelsea ta doke Forest. Wanda ya sa Villa ta biyar bai yi kuskuren fahimta ba, ƙwallo ɗaya ko hukuncin alƙalin wasa ɗaya zai iya juya jerin. Amma wanda ya ce Arsenal za ta ɗauki kofi, duk da tazararsa mataki ɗaya ce, maki goma ne tsakaninta da Liverpool, 74 da 84. Kuskurensa ya fi girma fiye da yadda lamba ta nuna.

Haka nan a lura da makin da hukuma ta cire. A 2023/24 an zabge wa Everton maki 8, Forest kuma 4, saboda karya dokar kashe kuɗi. Everton ta ƙare da 40, alhali a fili 48 ta tara, daidai da Brighton da Bournemouth. Mu da teburin hukuma muke lissafi, amma muna sa alama a gefe.

Rarrabe kurakurai, nan ne ilimin yake

Yanzu ka koma kan layin dalilan da ka rubuta. Kowane hasashe da ya kuskure, ka tambayi kanka wane iri ne.

Akwai wanda ba wanda zai iya sani. A watan Satumban 2024, a wasan City da Arsenal, Rodri, ɗan wasan tsakiyar City, ya ji rauni a gwiwa wanda ya cinye masa kusan duk kakar, mutumin da aka ba kyautar Ballon d'Or wata guda bayan haka. Ba da jimawa ba City ta sha kashi sau biyar a jere a duk gasa, abin da ba a saba gani ba a hannun Guardiola. Wanda ya sa City ta ɗaya da hujjar kofi huɗu a jere bai yi wauta ba. Sai dai a nan akwai wata 'yar gaɓa: in wani ya rubuta tun Agusta cewa "City ba ta da madadin Rodri, in ya samu matsala za su sha wuya," wannan ya hango abin, ko da bai san ranar ba. A ba shi haƙƙinsa.

Akwai wanda alamarsa na nan a fili ka ƙi dubawa. A 2023/24 Luton da Burnley da Sheffield United sun hau tare sun faɗi tare. Duk da haka da yawa a cikinmu mun tsirar da Leicester saboda sunanta da kofin da ta ɗauka a 2016, muka jefa Forest ko Brentford a ramin. Southampton ta ƙare da maki 12 kacal. Irin wannan kuskuren shi ake koyon darasi daga gare shi, domin bayanin yana hannunka tun farko.

Sai na uku, wanda ya fi yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da ko'ina: kuskuren zuciya. So hana ganin laifi. Gwajinsa mai sauƙi ne. Dubi inda ka sa ƙungiyarka da inda ka sa abokiyar gabarta, ka kwatanta da inda sauran jama'a suka sa su. Baba ya kira wani matashi mai goyon bayan United ya ce, "Ɗana, bara ka sa ta ta biyu ta zo ta takwas, bana ka sa ta ta uku ta zo ta 15. Sauran teburinka kuwa ya fi na kowa kyau a nan." Yaron ya yi shiru, ya ce, "Baba, hannuna ba zai iya rubuta ta a ƙasa ba." Babu laifi a so, amma in haka ne ka lissafa jimlarka sau biyu, da ƙungiyarka da kuma ba ita, ka ga nawa son ke ci maka.

Waɗanda suka dace ma sai an bincike su, kuma wannan ne mutane ba sa so. Wani ya ce City ba za ta ɗauka ba saboda Haaland zai daina ci. City ba ta ɗauka ba, amma Haaland ya ci 22 a gasar. Ramin a tsakiya da baya yake. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Wani kuma ya sa Liverpool ta ɗaya saboda Arne Slot ya gaji ƙungiyar da Klopp ya bari a haɗe, ba a watse ba, kuma Salah na nan da ƙarfinsa. Salah ya ci 29 ya taimaka aka ci 18. Dukansu biyu sun samu maki a littafi, amma ɗaya ne za ka nemi ra'ayinsa a Agusta mai zuwa.

Daga nan sai kalmomin nan uku. Ƙirga "tabbas" nawa ka rubuta, nawa suka tabbata. In ka ce tabbas sau biyar, biyu kawai suka faru, matsalarka saurin yanke magana ce, ko da iliminka na da yawa. In kuma canki-cankarka na yawan dacewa, kana ganin abu kana tsoron tsayawa a kansa.

Gasarmu ta gida da sauran ƙasashe

Hanyar nan tana aiki ga kowace gasa, kuma ina roƙon 'yan'uwa mu riƙa buɗe wa Firimiyar Najeriya shafi. Ita ma ƙungiyoyi ashirin ne. Ta fi wuyar hasashe ta wata fuskar, domin cin wasa a waje yana da wuya, kuma zakara na yawan canjawa: Rivers United a 2022, Enyimba a 2023, Enugu Rangers a 2024, sai Remo Stars ta Ikenne, nan maƙwabtanmu a jihar Ogun, ta ɗauki na farko a tarihinta a 2025 bayan ta zo ta biyu sau biyu a jere. Wanda ke bin gasar ya ga tana tafe. Mu 'yan Arewa kuwa kuskuren zuciyarmu a nan Kano Pillars ce. Kofi huɗu gare ta, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma ta faɗi daga gasar a 2022 kafin ta dawo, amma har gobe sai ka ga Bakano a Legas ya rubuta ta a sama kafin ya tuna da sauran.

A Jamus, wanda ya sa Bayern Munich a 2023/24 bayan kofi goma sha ɗaya a jere yana da hujja, sai Leverkusen ta Xabi Alonso, da Victor Boniface a gaba, ta ƙare gasar ba a doke ta ko sau ɗaya ba. A Italiya Napoli ta ɗauka a 2023 da ƙwallaye 26 na Osimhen, shekarar da ta biyo ta ƙare ta goma. Irin haka ta faru da Chelsea, zakara a 2015, ta goma a 2016, shekarar da Leicester ta Ranieri ta ɗauka da maki 81. Shi ya sa kaka ɗaya ba ta isa a naɗa wa mutum rawanin masani ko a tuɓe masa ba. Ajiye littafin shekara uku, huɗu, ka ga wanda ke doke teburin bara a kai a kai.

Abu ɗaya da ba ma sassautawa a kansa: ba a sa kuɗi. Shagunan caca sun cika unguwanninmu, mun ga yaran da suka narkar da jarin sana'arsu a ciki, kuma addininmu ya hana. Ko sharaɗin "wanda ya faɗi ya sayi shayi" Baba bai yarda ba. Wanda ya zo na ɗaya, wani Alhaji mai sayar da shanu ne ke saya masa rigar ƙungiyarsa kyauta daga aljihunsa, kuma benci na gaba nasa ne a wasan buɗe kaka.

Mataki na ƙarshe a yi shi a ranar, kafin zafin abin ya huce. A ƙasan shafinka ka rubuta layi biyu ko uku ga kanka na watan Agusta, gajeru kuma a kan kuskurenka kai kanka, ba na kowa ba. Nawa na waccan ranar su ne: fara da teburin bara, kada ka matsar da ƙungiya fiye da mataki uku sai da dalili rubutacce, sababbin hawa su fara daga ƙasa, ƙungiyarka ka rubuta ta a ƙarshe, bayan ka gama da sauran goma sha tara. Baba ya karanta, ya sa hannu a ƙasa da kwanan wata, ya mayar da littafin cikin ledarsa, ya ce a zo da biro ranar Alhamis, jajiberin wasan farko.